Lacca: Arzikin da Muke Takawa da Ƙafa

'Yan'uwa talakawa na Gusau da Tsafe da Bungudu, mun taru yau domin mu yi shawara a kan abin da muke gina gidajenmu da shi.

Da farko ya kamata mu san mene ne siminti. Dutsen farar ƙasa ne, misalin kashi huɗu cikin biyar, a haɗa da yumɓu kashi ɗaya, a ƙona da wuta mai tsanani, sa'an nan a niƙa. Shi wannan dutse akwai shi jibge a Kalambaina, kusa da Sakkwato. Don haka ne aka kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, ya soma aiki can a 1967. Daga can zuwa Gusau ya fi mil ɗari, kuma kuɗin motar kowane buhu daga aljihun mai saye yake fita.

To, mu fa me Allah Ya ba mu? Ya ba mu baƙin dutse irin na Kwatarkwashi da Tsafe, wanda ake fasawa domin harsashi. Ya ba mu yashi da yumɓu a gaɓar Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bungudu. Kakanninmu da tubali da azara suka gina soraye, suka shafe da makuba, suka yi laso da katsin marina. Aibin ginin ƙasa ɗaya ne, watau ruwan Agusta. Amma in aka ƙona yumɓun nan ya zama jan bulo, ruwa ba ya narkar da shi, ɗakin kuwa ya fi sanyi da bazara.

Tun 1996 muka sami jiharmu, amma hankalin manya yana kan zinariya. Kowa ya san abin da gubar dalma ta yi a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Yumɓu kuwa mai hana soro faɗa wa iyali, da wuya ka ji an ambace shi.

Saboda haka abu uku muke nema ga Gwamnati. Na ɗaya, a auna wuraren yumɓu, a buga sakamakon da Hausa kowa ya karanta. Na biyu, a kafa wurin ƙona bulo da buntun shinkafa, kada mu ƙarar da itatuwa, a koya wa samarinmu aikin. Na uku, makarantu da ɗakunan shan magani a riƙa gina su da bulon nan, domin magina su sami ciniki. Har wa yau duk wanda ya haƙa kududdufi a tilasta masa cike shi, gama sauro da nutsewar yara daga nan suke.

Kowa ya koma unguwarsu ya faɗa wa wanda bai zo ba. Allah Ya taimake mu, amin.