Kada Mu Rushe Abin Da Ba Mu Iya Ginawa Ba

Jawabi ga taron dattawa, zumuntar mata da matasa

Maganarmu ta yau a kan ɗakunan ƙasa ce, da rumbuna, da tukwane, da sauran aikin hannu da muka gada daga kakanninmu.

Kun lura da abin da baƙi ke ɗauka a hoto in sun shigo ƙauyukanmu? Sukan wuce sabon shagon bulo, su tsaya gaban rumbu mai jinka, ko tsohuwa mai ginin tukunya, ko kukar bayan gari. Wasunmu ransu yakan ɓaci, su ce talaucinmu ake so a nuna wa duniya. Lalle ya kamata mai ɗaukar hoto ya nemi izini tukuna. Amma baƙo kyau kawai ya gani, ya kama hanyarsa. Mu ne muka san amfanin waɗannan abubuwa, mu ne kuma muke rushe su da hannunmu domin kada a kira mu 'yan ƙauye.

Ɗakin ƙasa

Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu ɗakin ƙasa yake da sanyi da tsakar rana, lokacin hunturu kuma yake da ɗumi da dare. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa, kowa ya san yadda yara da tsofaffi suke wahala a cikinsa da bazara.

Kayan ginin ma a kusa suke. Ƙasar tubali tana bayan gida. Azarar giginya gara ba ta cin ta da sauƙi. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, tana ƙarfafa yaɓe da daɓe. In aka kira gayya, aiki ya tafi. Amma yau za ka ga magidanci ya sayar da hatsinsa da kaka, ko ya ci bashi, domin ya sayi siminti. Gini ya tsaya a taga, damina ta zo, ga rumbu wayam, ga tsohon ɗaki an riga an rushe.

Masu cewa ginin ƙasa ba ya daɗewa su je Wusasa, kusa da Zariya. Majami'ar St. Bartholomew da ke can da ƙasa aka gina ta a shekarar 1929 bisa fasalin ginin Hausa, har yanzu kuma tana tsaye, domin ana kula da ita.

Akwai kuma darasi daga ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso. Wani ɗan garin, Francis Kéré, ya karanta zanen gine-gine a Jamus, ya dawo ya haɗa kai da mutanen garinsu suka gina makarantar firamare a shekarar 2001. Tubalin ƙasa suka yi, aka ɗan gauraya da siminti. Rufin kwano suka sa, amma suka ɗaga shi sama da ɗakin domin iska ta riƙa wucewa, suka bar bakinsa ya fito sosai domin ruwa kada ya doki bango. A shekarar 2022 aka ba shi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini a duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ashe tsohon sani da sabon kaya suna iya zama gida ɗaya.

Aikin iyayenmu mata

Ruwan randa yana sanyi ne domin jikinta yana tsattsafo kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi, zafi yana fita. Jarkar roba ba ta iya wannan. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗora a kan wannan sani. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi mai laima, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tumatir da gauta da alayyafo sai su yi kwanaki ba su lalace ba, musamman da rani. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki.

Ku duba bayan takardar Naira ashirin. Matar da ke ginin tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga garin Kwali. A gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya, da hannu, ba inji. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta dā, wato Suleja a yanzu. Tukwanenta sun kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Irin sana'ar da ke hannun iyayenmu ce ta kai ta can. To, 'yan mata nawa ne a cikinmu suka iya ta yau?

Mu faɗi gaskiya

Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. Jinka tana kama wuta. Ɓera da gara suna shiga rumbun da aka yi sakaci da shi. Ba mu ce kowa ya ƙi kwano ko siminti ba. Abin da ke damunmu shi ne, maginan da suka iya tayar da rumbu da yin daɓe sun tsufa. Siminti ana samu a kasuwa kowace rana, amma in dattijo ya tafi da saninsa, babu kasuwar da za a sayo shi.

Abin da za mu yi kafin damina

Na ɗaya, kowane gida ya zagaya bangonsa da rumbunsa, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a gyara jinka da indararo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, mai sabon gini ya sa harsashin dutse, ya ɗaga daɓe sama da ƙasa, ya bar bakin rufi ya fito, ya yi wa ruwa hanya nesa da gindin bango.

Na uku, matasa su zaɓi mutum biyu ko uku su bi magini a aikin rumbu na bana daga farko har ƙarshe. Zumuntar mata ta ware rana ɗaya a wata domin koyar da ginin tukunya, saƙar tabarma da faifai, da sassaƙar ƙwarya. Mu riƙa sayen kayan juna kuma a farashin da ya dace da wahalar.

Na huɗu, masu waya su ɗauki hoton tsohuwar majami'a, da zaure, da rumbuna, da dattawa suna aiki, bayan sun nemi izini. A wanke hoton, a rubuta suna da shekara a bayansa, a ajiye wurin magatakardan ikilisiya. In jama'a sun yi yawa ana bukatar babbar majami'a, a gina ta a gefe, a bar tsohuwar ta zama ajin yara ko ɗakin taro.

Iyayenmu, da tsohuwar zuma ake magani. Muna roƙonku ku buɗe hannu ku koyar, ku kuma matasa ku kawar da kunya ku koya. In mun sake haɗuwa bayan girbi, kowace ikilisiya ta zo da sunayen waɗanda suka koyi sana'a ɗaya.