Dandalin da Ba Shi da Ɗan Kallo

A Turai ana tallar wasan rawa da ke jawo ɗan kallo cikin fage, wai sabon salo. Mu nan Kongolam, bakin iyakar Nijar, kalankuwa ta riga su.

A bikin kalankuwa, bayan an kai amfanin gona gida, samari kan naɗa sarkinsu da alƙali da dogari. Ka zo kallo, dogari ya cafke ka, alƙali ya ci ka tarar goro, mai kalangu ya wasa ka, dole ka faɗa rawa.

Malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun bi irin wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1970, suna kai wasan kwaikwayo ƙauyukan Zariya.

Muna roƙon masarautar Daura da ƙaramar hukumar Mai'aduwa su ware wa matasa fili da kuɗin makaɗa domin kalankuwa a kakar bana.