Haɓon da Ba Ya Tsayawa: Jawabin Likita a Taron Wata na Ƙungiya

 

Maganata ta yau a kan wata cuta ce ta jini wadda likitoci ke kira ITP. To, a cikin jininmu akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake ce wa filatilet. Ɓargo ne ke yin su, kuma aikinsu toshe ƙofa in an ji rauni, don jini ya daskare. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a ɗan ɗigon da bai kai kan allura ba.

A wannan cuta, sojojin jiki masu yaƙi da ƙwayoyin cuta su ne ke ɓatan kai. Sai su manne wa filatilet kamar abokan gaba, saifa kuma ta kama su ta hallaka. Ka ga ɗan gida ne ke cin gida. A 1950 wani likita a Amurka, William Harrington, ya sa aka ɗura masa jinin mai cutar. Cikin sa'o'i kaɗan nasa filatilet suka zube, bayan 'yan kwanaki suka dawo. Da haka aka tabbatar mai ɓarnar yana cikin jini, ba jifa ba ne, ba maita ba. Kuma ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci.

Alamunta su ne haɓo mai wuyar tsayawa, jini a dasashi, jajayen ɗige-ɗige a ƙafafu, kwanciyar jini a fata ba tare da an buge ba, da jinin al'ada mai yawa ga mata. Yara takan zo musu bayan mura ko zazzaɓi, kuma yawancinsu sukan warke cikin wata shida. Ta manya ce ke daɗewa.

Jama'a, ga roƙona. In kun ga waɗannan alamu, kada a kira wanzami. Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da cire beli, kaciya ma a dakata. Kada a sha asfirin, ko ibuprofen, ko garin Alabukun da muke saye a bakin tasha, domin akwai asfirin a cikinsa, yana kuma raunana ɗan filatilet ɗin da ya rage. A je asibiti a auna jini, don zazzaɓin cizon sauro ma yana rage su, awo ne ke bambancewa. In kuwa ciwon kai mai tsanani ya zo da amai ko suma, ko tsakar dare ne a ruga, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwa.

Akwai magani, kamar firedinisolon, wanda likita ne zai tsara yadda za a sha shi. Mai juna biyu ta faɗa wa masu awo tun da wuri.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mai tambaya, bismillah.