Daga Ajin Firamare zuwa Zauren Jami'a: Jawabi ga Malaman Yankin Wanke

 

Mun taru yau a kan wata tambaya da ke yawan zuwa mana daga Wanke, Tsafe da Bunguɗu: shin malamin firamare ko na sakandare zai iya kai wa ga koyarwa da bincike a jami'a? Zai iya, amma sai ya san matakan hanyar.

Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996 ba mu da jami'a ko ɗaya. Mai neman digiri sai ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Bayero a Kano. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, daga baya kuma jiha ta kafa tata a Talata Mafara. Ga Kwalejin Ilimi ta Maru, ga ta Tarayya a Gusau, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda. Dukkansu suna buƙatar malamai, kuma idan aka buɗe gurbi, takarda ake dubawa kafin fuska.

Takardar NCE, wadda yawancinmu muke riƙe da ita, ba ta isa koyarwa a jami'a. Matakin farko shi ne digiri mai sakamako mai kyau, daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu, tare da shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai digiri na biyu yakan fara a matsayin mataimakin lakcara, mai digiri na uku kuwa ya fara a gaba da shi. Daga nan, shekarun aiki kaɗai ba su ɗaga mutum. Sai da bincike da maƙalun da ya buga. Wanda ya samu shiga, asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantun gwamnati.

Mu kuwa, abin bincike yana ƙofar gidanmu. Wa ya fi mu sanin halin yaran da rashin tsaro ya raba da makaranta, ko yadda yaro ke koyon karatu da Hausa kafin Turanci? Mu riƙa adana abin da muke gani a aji. Ranar rubuta kundi zai yi mana rana.

Gargaɗi biyu muke da su. Na farko, gurbin gaskiya ana tallata shi a fili, ba a sayar da shi. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya samo muku takardar aiki, ku guje shi, ku sanar da reshe. Na biyu, kada kowa ya bar ajinsa ba izini. A nemi hutun karatu a rubuce, ko a shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a, wadda ke da cibiya a Gusau, a haɗa aiki da karatu. Idan muka wofintar da firamaren Wanke, wa jami'ar za ta ɗauka nan da shekara goma sha biyu?

Sannu ba ta hana zuwa. Masu niyya su ba da sunayensu ga sakataren reshe, domin mu bi musu batun hutun karatu tare.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a aikinmu.