Mai Rijiya da Mai Sayen Ruwa: Amfanin Mallakar Wayar Gilashi ga Kamfanonin Intanet



Ni malamin harshe ne, ba injiniya ba, don haka bari in fara da suna. Abin da mu ke kira wayar gilashi, zare ne na gilashi, siriri kamar gashi, wanda a ke binnewa a ƙasa ko a shimfiɗa a ƙarƙashin teku, saƙo na bi ta cikinsa da surar haske.

Kowa a nan ya san madatsar ruwa ta Zoɓe, kusa da Dutsin-Ma. An gama ta a 1983, amma sai a 2021 aka buɗe aikin kai ruwanta birnin Katsina. Wato ruwa na nan jibge, hanyar kai shi ce babu. To, haka al'amarin intanet ya ke. Manyan wayoyin teku, irin su MainOne da Glo-1, sun iso Legas tun 2010, amma ɗalibin Dutsin-Ma da manomin Ɗantutture ba su da rabo sai an ja musu bututu. Kamfanin da ya ja nasa shi ne mai rijiya. Wanda ya yi haya, mai sayen ruwa ne a hannun 'yan garuwa.

Amfani na farko shi ne kuɗi. Haƙa na da tsada. A 2020 gwamnoni sun amince kuɗin izinin hanya kaɗai ya zama naira 145 kowace mita, wato naira 145,000 a kilomita guda. Sai dai sau ɗaya a ke haƙa. In masu ciniki sun ƙaru, na'urorin bakin wayar kawai za a sake, alhali mai haya kullum sai ya ƙara biya.

Na biyu, iko. In masu aikin titi sun tsinka waya, mai ita ya san inda ta bi, ya tura ma'aikatansa nan take. Mai haya kuwa sai jira, yana ba masu cinikinsa haƙuri. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta cije a Nijeriya, amma Glo-1, wadda kamfanin Globacom ya mallaka, ta ci gaba da aiki.

Na uku, rarar da ya ke da ita sai ya ba wasu haya, kishiyoyinsa su koma masu cinikinsa.

Jama'a, Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Ku ma'aikata da takardun izini ke bi ta teburinku, ku sani duk takardar da ta kwana a aljihun tebur, wani ƙauye ne tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ya ƙara shekara yana jiran ɗan garuwa.