Makauniyar Kwana: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara



Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai na ce masa in maganar ilimi ko tarbiyya ake so, ga malamanmu nan, ba zan buɗe baki a gabansu ba. Amma in za a bar ni in yi magana a kan bakin layi, wato inda ƙaramar hanya ke faɗawa babban titi, to na yarda. Ya yi dariya, ya ce in zo.

Dalilina shi ne abin da ya same ni bara da damina. Layinmu yana ɓullewa ne a kan Titin Zariya, a Kano. Na ɗauko yara da safe zan kai su makaranta. Da na iso bakin titi na tsaya cik, na dubi hagu, ban ga komai ba sai kwantenar mai sayar da katin waya da wata bas da ta tsaya tana lodi. Na jira, na baya suka dame ni da hon. Sai na dinga turo hancin mota kaɗan-kaɗan don in samu in leƙa. Kafin idona ya wuce bas ɗin, ɗan adaidaita ya daki fitilata. Wata baiwar Allah da ke ciki ta karye a hannu. Jama'a suka taru, kowa na tambaya ta ko ba ni da ido. Ido kam ina da shi, har da tabarau. Hanyar gani ce aka toshe.

Ga malaminmu na lissafi nan zaune, bari in nuna masa cewa bulalarsa ba ta tafi a banza ba. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. Motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Injiniyoyin hanya na Amurka sun ƙiyasta cewa ƙaramar mota da ta tsaya a bakin layi tana bukatar tazarar daƙiƙa bakwai da rabi kafin ta tsallaka ta juya hagu lafiya. In ka haɗa lissafin, dole direba ya iya hango mita 105, tsawon filin ƙwallo ke nan. In kuwa mai zuwa yana gudun kilomita 80, abin da duk mun san ana yi, sai mita 165 ko fiye. To, ku tuna bakin layinku. Mita nawa kuke hangowa? A namu, na koma na auna da ƙafa, bai kai taku ashirin ba.

Wani abin da ba a lura da shi shi ne mazaunin direba. Idonsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba, kuma tsakaninsa da hancin motar akwai kamar mita biyu. Saboda haka kafin ya ga titi, titi ya riga ya ga motarsa. Mai tsaye a ƙasa yana hango komai, shi ya sa 'yan kallo ba su taɓa yarda cewa direba bai gani ba. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da ta fi kusa da mai fitowa daga hagu take zuwa, wato daidai ƙofar direba. Ga shi gefen mota ba shi da inji ko but da zai shanye duka, sai ƙofa da gilashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mota ta daki wata a gefe da gudun kilomita 65, haɗarin mutuwar na ciki ya kai kashi 85 cikin ɗari.

Su wa ke toshe kwanar? Mu ne. Mai gidan kwana ya ja katanga har bakin kwalbati, ya ɗora mata tsawo. Mai shayi ya kafa rumfa a nan don nan ne ciniki. Ɗan siyasa ya dasa allo. Mai tirela ya kwana. Ni kaina, kafin abin nan ya faru, sau nawa na ajiye mota a bakin layi na ce yanzu zan fito? A ƙa'idar hanya ta Ingila an hana ajiye mota a cikin mita 10 daga mahaɗa. Mu ma ba hukumomi muka rasa ba: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, ga kuma 'yan KAROTA a Kano. Sai dai jami'i yana iya korar bas, ba zai iya ɗage katanga ba. Wannan aikin tun a takardar zanen gini ake yin sa, kuma irinmu ma'aikatan gwamnati ne ke sa hannu a kanta. Na san yadda fayil ke wucewa a kan tebur: a duba faɗin fili, a duba rasit, ba mai tambayar abin da direba zai gani.

Yanzu sai in zo kan abin da ya kawo ni. Na ga zanen shaguna shida da ƙungiyarmu ke shirin ginawa a jikin katangar makaranta don samun kuɗin shiga. Shawara ce mai kyau, na kuma ba da nawa gudummawar. Amma shago na ƙarshe ya faɗa daidai kusurwar da layin ƙofar makaranta ke haɗuwa da babban titi. Ta nan iyaye ke fitowa da mota, ta nan ɗalibai ke fitowa a kan keke, su kuwa ba su da ko ƙofar da za ta kare su. In aka gina shi, bayan shago sai benci, bayan benci sai janareta da motar mai saye.

Ina roƙon kwamitin gini abu biyu. A haƙura da wannan shago ɗaya, a gina biyar. Sa'annan a yanke kusurwar katangar a karkace, a bar wurin fili, kada a dasa abin da ya wuce gwiwa. Na san ma'aji zai ce hayar shekara ta ragu, kuma gaskiyarsa.

Kada kwamiti ya ɗauki maganata kawai. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma zan zo da mota da tef ɗin awo. Mu jera kwalaye a inda shagon zai tsaya, kowane ɗan kwamiti ya shiga ya zauna a mazaunin direba, ya dubi hagu, ya faɗa mana abin da ya gani. Shugaba ne zai fara shiga.