Masai Ujiri da Garin da Ya Rene Shi

'Yan'uwa Zage-zagi mazauna Kaduna, Abuja da Legas.

A Ingila aka haifi Masai Ujiri a 1970, amma a Zariya ya buɗe ido. A nan ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, kuma kocin nan Ba'amurke, Oliver Johnson, shi ya riƙe hannunsa. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar Denver Nuggets a Amurka. A 2019, yana shugabancin Toronto Raptors ta Kanada, ƙungiyar ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta.

To, mahaifinsa mutumin kudu ne, mahaifiyarsa kuwa likita ce 'yar Kenya. Da za a bi ta takardar shaidar asali, wadda muke yawan kafa hujja da ita, da ba namu ba ne. Amma ga shi har gobe Zariya yake kira gida. Mu da muka tsufa da alli a hannu mun koyar da irinsa da yawa, 'ya'yan ma'aikatan jami'a da na reluwe. Ku ma 'ya'yanku yau a garuruwan wasu suke tasowa.

Filayen wasan makarantunmu na firamare kuwa, wasu ciyawa ta cinye, wasu an yanka su shaguna. Roƙonmu shi ne ƙungiya ta sanya gyaran fili ɗaya cikin kasafin bana, a kafa kwanduna biyu, a buɗe shi ga kowane yaron unguwa ba tare da an tambayi garin ubansa ba.